Dokar Giya a Ƙasar Kano, daga Lugga zuwa Hisba

In aka ce giya a ƙasarmu, sai hankalin kowa ya tafi wajen alƙali, ba safai akan tuna da likita ba. A ganina tarihi ne ya gadar mana da haka.

Tun kafin zuwan Turawa, Musulunci ya haramta giya a birane, amma a karkara matan Maguzawa na dafa burukutu da dawa, ana sha wajen gayya da biki. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Birasels, cewa kada a shigar da barasa mai ƙarfi inda ba a saba da ita ba. Da wannan Gwamna Lugga ya kafa hujja ya hana shigo da ita Arewa, alhali kuwa a Kudu kuɗin fiton barasa na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Da 'yan mishan suka matsa, sai aka naɗa kwamitin bincike a 1909, amma Kudu kaɗai ya duba, ya kuma ce bai ga wata babbar ɓarna ba. Arewa kuwa an ɗauka doka ta gama magana.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, giya ta sami mazauni a bayan ganuwa. Dokar Final Kot ta 1959 ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha. Shari'a ta dawo Kano a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, wadda a 2013 ta farfasa kwalabe wajen 240,000 a rana guda.

To, a tsawon shekarun nan me likitocin duniya suka gano? A 1973 likitoci a Amurka suka bayyana yadda giyar da mai ciki ta sha ke naƙasa ƙwaƙwalwar jariri. A 1988 aka sa giya cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma cikin 'yan shekara 20 zuwa 39, kashi 13 cikin ɗari na mace-macensu daga gare ta ne. Saurayi takan kashe shi da hatsarin mota, dattijo kuwa ta ci masa hanta, balle inda ciwon hanta ya riga ya yi yawa kamar ƙasarmu. Watau ɓarnarta na bin mutum daga cikin uwa har furfura.

Gari irin Wudil, mai kasuwar shanu ran Juma'a, wanda manyan motoci ke ratsawa dare da rana, bai isa ya ce ruwan bai shafe shi ba. Haramci ya tsare mafi yawanmu, alhamdu lillahi. Amma wanda ya faɗa, kunya da tsoron bulala kan sa ya ɓoye, sai ciki ya kumbura a ce sammu ne. Wasu samari kuma suka koma maganin tari mai kodin, har gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a 2018.

Kwalaben da aka fasa an san adadinsu. Saura a san adadin majinyata, a buɗe musu ƙofar asibiti ba da tonon silili ba. Wannan aiki na jami'a ne, mu ɗalibai da malamanmu. Allah ya sa mu dace.