Daga Eriya Zuwa Dish: Talabijin Da Muryar Gida A Galtimari

Gabatarwa

Wanda ya ratsa Galtimari, unguwar da ke ƙaramar hukumar Jere amma ta haɗe da birnin Maiduguri, ya dubi rufin gidaje, zai ga zamani uku a wuri guda: tsohuwar eriya a kan doguwar sanda ta karkace, dish a ɗaure jikin katanga, ga farantin sola a gefe. Hujjar wannan maƙala ita ce, kowane sauyin fasaha ya ƙara wa mai kallo a Borno yawan tashoshi, amma bai ƙara masa damar ganin kansa da jin harshensa a allo ba. Abubuwa uku ke yanke wannan: wanda ke riƙe da tasha, harshen da take magana da shi, da samuwar wutar lantarki.

Siyasa ce ta kawo talabijin

An nuna talabijin a Landan a 1926, BBC kuma ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai a 1936. A Nijeriya kuwa rigimar siyasa ce ta buɗe ƙofa. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Obafemi Awolowo a rediyon gwamnati, aka hana Awolowo mayar da martani. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa gidajen watsa labarai, sai Jihar Yamma ta buɗe WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959. Inugu ta biyo baya a 1960, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello kuma ta buɗe ta Kaduna a 1962.

Tashar Kaduna ta Jihar Arewa ce baki ɗaya, amma a suna kawai. Siginar talabijin a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa kamar gajeren zangon rediyo, don haka iyakarta inda tsawon hasumiya ya kai. Maiduguri na nesa da Kaduna da ɗaruruwan kilomita. Mutumin Borno na wancan lokaci rediyo ya sani, sai majigi da motar gwamnati ke kawowa dandali da dare.

Kusantar talabijin ta biyo bayan kusantar mulki. Maiduguri ta zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976. Tashar Jos ta fara nuna hoto mai launi a 1975. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe duk tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA da Doka ta 24, aka bi manyan biranen jihohi ana kafa rassa, har da Maiduguri. Hoto ya iso, amma babban labarin ƙarfe tara na dare daga Legas yake zuwa, da Turanci.

Tashar jiha: riba da aibi

Tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi ikon mallakar talabijin, jihohin da ke hannun 'yan adawa suka riga kowa amfani da shi. Borno na hannun GNPP ƙarƙashin Gwamna Mohammed Goni, gwamnatin tarayya kuma ta NPN ce. A 1980 aka kori Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, kafin kotu ta wanke shi. Gwamnatin da ta ga irin wannan ba za ta yarda abokin hamayya kaɗai ya riƙa ba da labarinta ba. A wannan zamani ne tashar jihar, BRTV, ta samu, kamar yadda Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano.

Ribar ta tabbata. Labarai da Kanuri da Hausa suka shiga ɗakunan mutane, haka tafsirin azumi na malaman gari da hawan sallar Shehun Borno. A faɗin Arewa kuma zamanin wasannin kwaikwayo na Samanja Mazan Fama ne, da Kasimu Yero, da Karkuzu. Yaran unguwa kan cika tsakar gidan mai akwatin talabijin tun kafin a buɗe tasha da yamma. Aibin shi ne tashar da aka haifa don kare gwamna ta saba da bin gwamna: rangadinsa ne kan gaba a labarai, kukan unguwa kuma sai in lokaci ya rage.

Sama ta buɗe

Doka ta 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Channels ta fara a 1995, AIT a 1996. Sai dai tashar kuɗi talla take bi, masu talla kuma suna Legas da Abuja. Abin da ya sauya kallo a unguwa irin Galtimari shi ne kaset ɗin finafinan Kano, sannan dish mai araha. Da dikoda guda maigida na kallon sallar Harami kai tsaye daga Makka, matasa na bin ƙwallon Ingila, mata na jiran Daɗin Kowa a Arewa24, tashar da aka buɗe a 2014. Hausa ta ci riba ƙwarai. Kanuri, Shuwa, Babur-Bura da Margi kuwa kusan ba su da gurbi a cikin ɗaruruwan tashoshin nan.

Tsarin dijital zai iya gyara wannan, domin zangon da a da ke ɗaukar tasha guda yanzu yana ɗaukar fiye da goma. Amma Nijeriya ta kasa cika wa'adin 17 ga Yuni, 2015 da aka amince da shi a Janeba a 2006. An yi gwaji a Jos a Afrilun 2016, Abuja ta biyo a ƙarshen shekarar, Kano sai 2021. Ko an kammala aikin gobe, gurbi kawai zai samar. Shirin da za a zuba a ciki sai an biya marubuci da mai ɗaukar hoto.

Wuta da waya

A Janairun 2021 'yan ta'adda suka rusa turakun layin lantarkin da ke zuwa daga Damaturu, Maiduguri ta daɗe cikin duhu. Akwatin gida ya zama kayan ado, kallo ya koma gidan ƙwallo mai janareto da hannun masu halin sayen sola. Tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, sai a Maris ɗin 2023 aka ƙaddamar da ita. Tsarin watsa labarai da bai lissafa da wuta ba, masu hali kaɗai yake yi wa aiki.

Wani zai ce wayar hannu ta raba gardama, tunda ɗan Galtimari na iya ɗaukar bidiyo da Kanuri ya ɗora a Facebook ko TikTok. Akwai gaskiya a nan, amma waya tana da maƙogwaro guda: a Mayun 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno na tsawon watanni. Ranar 10 ga Satumba, 2024 kuma, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye gari, waya ta yaɗa hoto da jita-jita tare. Mai neman sanin gadar da za a iya bi da sansanin da ke karɓar mutane yana buƙatar gidan da ke tantance labari, wanda za a iya tuhuma in ya yi ƙarya.

Kammalawa

Abin da Borno ta rasa shi ne tashar gida mai cin gashin kanta. Ya kamata majalisar dokokin jiha ta sa BRTV a ƙarƙashin hukumar da gwamna ba zai rushe ta da sanarwa guda ba, ta kuma ware mata kason kuɗi tsayayye. A keɓe sa'o'i ga kowane babban harshen jihar, a jawo ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Maiduguri su riƙa shirya rahotannin unguwanni. A gaggauta juyar da tsofaffin kaset na BRTV da NTA Maiduguri zuwa kwamfuta, domin zafi da ƙura ba sa jiran kasafin kuɗi. Idan ba a yi haka ba, dijital za ta zo ta ƙara tashoshi, mutumin Galtimari kuma ya ci gaba da zama ɗan kallo a labarin garinsa.