Tantance Masu Ba da Shawara kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Gure, Jihar Damagaram

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyar da iyali a gundumar Gure za su bi su sami ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa, su kuma tabbatar da cancantarsa. An dogara ga tsarin kiwon lafiya na Nijar da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. Hujjar da aka kafa ita ce, a irin wannan wuri hukumar da ta turo ma'aikaci ta fi takardar da ya rataya a bango ƙarfin shaida.

Gabatarwa

Gure tana da nisan kusan kilomita 170 gabas da Damagaram, a kan hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta miƙe zuwa Difa. Tsohuwar cibiyar masarautar Muniyo ce, inda Mangawa da Tubawa da Fulani da Buzaye da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya. Tun harin da aka kai Boso da Difa a Fabrairun 2015, hanyar ta ga wucewar masu gudun hijira ɗauke da firgici da rashin barci. Amma masu duba su ƙalilan ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna matsakaicin adadin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a duniya 13 ne ga mutum 100,000, a yankin Afirka kuwa bai kai 2 ba.

Matakan neman ƙwararre

A Amurka kowace jiha na da hukumar ba da lasisi, mai neman shawara ya shiga intanet ya duba suna. Ɗora wannan ma'auni a kan Gure kuskure ne, domin tsarin Nijar hawa-hawa yake: ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar lafiya ta CSI, sai asibitin gunduma, sai Asibitin Ƙasa na Damagaram mai sashen masu taɓin hankali, daga nan sai Yamai. Ƙofar farko manjo ne, shugaban CSI. Shi ke sauraren bayani, ya rubuta takardar turawa, ya buga hatimi. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an gina shi ne a kan wannan tunani, wato a horar da ma'aikacin da ba ƙwararre ba ya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da gushewar hankali, ya san inda iyawarsa ta tsaya.

Sai dai iyalai da yawa ba ta nan suke farawa ba. Idan yarinya ta daina magana, ko saurayi ya fara sambatu, akan ce iska ce ko sammu, a nufi malam don tofi da rubutu da ruƙiyya. Marubucin wannan maƙala bai ga amfanin yaƙi da wannan ba. Malamin da ya san lokacin cewa "a kai shi likita" abokin aiki ne.

Tantancewa

Ma'aikatan ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne ruɗanin yake. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, sunansa na cikin rajistar ƙungiyar likitoci ta ƙasa, yana rubuta magani. Akwai ma'aikacin jinya da ya ƙware a wannan fanni, yana aiki ƙarƙashin asibiti. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam, irin waɗanda Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ke yayewa. Aikinsa sauraro da shawara ne, ba ya rubuta ƙwaya. Duk wanda ya kira kansa mai ba da shawara, sannan ya zaro kwalin magani daga jaka ya faɗi kuɗinsa, ya tona asirin kansa. A yankin da tiramol ya riga ya yi wa matasa illa, wannan ba ƙaramar alama ba ce.

Takardar digiri ana iya kwafarta a kowane shagon buga takardu, kuma uban da bai yi boko ba ba zai karanta Faransancinta ba. Abin da zai iya yi shi ne ya tambaya: wa ya turo ka, a ƙarƙashin wa kake aiki? Ma'aikacin gwamnati babban likitan gunduma ya san da zamansa. Na ƙungiyar agaji yana da katin aiki, ƙungiyarsa kuma sananniya ce ga ofishin lafiya na jiha a Damagaram. Mai asibitin kuɗi dole ya riƙe izinin ma'aikatar lafiya. Wanda ya fusata da tambayar, ya riga ya amsa ta.

Masu tsallakawa Najeriya ta Nguru zuwa asibitin Dawanau a Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri sun shiga ƙarƙashin wata dokar lafiyar ƙwaƙwalwa daban, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023. Su riƙa dawowa da rubutaccen bayanin magani don manjo ya ci gaba da bibiya.

Akwai cancantar da ba takardar da ke nuna ta: harshe. Shawara magana ce, kuma matar da Manganci ko Tubanci kaɗai take ji, in aka sa ɗan mijinta tafinta, rabin damuwarta zai tsaya a maƙogwaro. Don haka ake ba da shawarar gunduma ta liƙa sunayen ma'aikatanta a kowace CSI, da muƙaminsu da harsunan da suke ji, a kuma karanta a rediyon al'umma. A sa kwanan wata a jikin takardar, saboda ana yawan sauya wa ma'aikata wurin aiki.