Matan da suka riƙe takardun jami'a: daga Samaru zuwa kujerar shugabanci

Yau Samaru muka nufa, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962.

Duk ɗalibin ABU ya san cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. To amma yaya kwamfutar wancan zamani take? Ba irin wannan da muke saƙalawa a jaka ba ce. Ɗaki guda take cinyewa, kuma da kati ake ba ta umarni, kati mai layi 80 da ake hudawa da na'ura. Rami ɗaya ya kauce, aiki ya ɓaci, sai a sake. A duniya, galibi mata ne suka riƙe wannan aikin huda katin, kamar yadda suka riƙe tafireta a ofisoshi. Sakamakon jarrabawa, albashi, rajistar ɗalibai, duk ta irin waɗannan hannaye suke bi. Sai dai ba a sa wa gini sunan mai buga tafireta.

Duk da haka akwai waɗanda suka kai ƙololuwa. Farfesa Gambo Laraba Abdullahi, 'yar Azare, a Samaru ta karanta kimiyyar sinadarai a shekarun 1970, ta ƙaro ilimi a Loughborough ta Ingila, ta zama minista, sannan ta shugabanci Jami'ar Abuja har zuwa 2004. Kafin ita, Farfesa Grace Alele-Williams, masaniyar lissafi, ce mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, a Benin, shekarar 1985. A fagen kwamfuta kuwa, Farfesa Adenike Osofisan ta Jami'ar Ibadan ce 'yar Najeriya ta farko da ta yi digirin digirgir.

Me ya sa muke tono wannan? Saboda har yau ana ce wa ƙannenmu mata kwamfuta aikin maza ce, alhali tarihi ya ƙaryata.

Jama'a, tsofaffin ma'aikatan jami'a suna nan Samaru da Sabon Gari, shekaru kuma na ja. In akwai kaka ko gwaggo a gidanku da ta yi aikin ofis a jami'a, ɗauki waya, gaishe ta, nemi izini, ka naɗi labarinta tun tana iya bayarwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya bar zumunci.