Injin da ke tsayar da kansa: daga masaƙar Toyoda zuwa servo drive

1/ 'Yan Damari, Faskari da Sabuwa, auduga dai kun san ta. To, dabarar inji ya tsaya da kansa in ya ga matsala, a masaƙar auduga ta yi suna. Ku biyo ni.

2/ A 1924 Sakichi Toyoda na Japan ya kammala injin saƙarsa, Type G. Zare ɗaya ya tsinke, inji ya tsaya cak. Ba don haka ba, sai ya yi ta zubo yadi mai aibi, ba wanda ya lura.

3/ A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi haƙƙin ƙirar kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro kuwa ya koma harkar mota. Eh, Toyota ɗin nan dai.

4/ Servo drive, na'urar da ke sarrafa juyin moto a masana'anta, wannan gadon ta ci. Har ma ta ɗara: in ta tsaya, takan nuna lamba. Ko wuta ta yi ƙasa, ko moto ya ja fiye da ƙima, ko wayar encoder ta saki.

5/ A masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano, wutar NEPA ya kamata a fara zargi. Rubuta lambar, duba littafin injin, auna wutar, sannan ka taɓa reset. Mai dannawa kawai, wata rana ƙauri zai ji.