Me Ke Mayar Da Ma'aikatan Jinya Makaranta?

Shin ka taɓa tambayar kanka abin da zai sa nas mai aiki a Funtuwa ko Malumfashi, ga albashi ga iyali, ta ɗau jaka ta koma Zariya neman digiri na biyu? Amsar na cikin tarihin aikin.

A zamanin Turawa, a gefen gadon majinyaci ake koyon jinya. Likita ya ba da umarni, nas ta aiwatar. A 1947 aka kafa hukumar kula da aikin jinya a Najeriya, sannan a 1979 aka haɗe ta da ta ungozoma. Digirin jinya kuwa sai a 1965 Jami'ar Ibadan ta fara shi, kuma babbar manufar ita ce samar da malamai da shugabannin fannin.

To, ka ga dalili na farko ke nan, kuma har yau yana nan. Makarantar ungozoma ta Malumfashi, kamar takwarorinta, na buƙatar masu koyarwa, kuma da wuya a damƙa maka aji ko shugabanci ba tare da babbar takarda ba.

Na biyu shi ne bincike. A shekarun 1970, masana daga Liverpool ta Ingila da Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarin cututtukan yankin Malumfashi, ciki har da tsargiya da saran maciji da ke addabar manoma. Masu jinya su ne ke kwana da irin waɗannan majinyata, su ke ganin wanda ya zo a makare da dalilin makararsa. Digiri na biyu ne ke koya musu yadda za su mayar da abin da idonsu ya gani ya zama hujja a rubuce.

Akwai kuma na uku, mai ɗaci. A 2024, hukumar jinya ta ce ma'aikata sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Wasu na karatun ne don ƙofar waje ta buɗe musu.

Saboda haka tura su ƙaro ilimi kaɗai bai wadatar ba. In sun dawo ba su tarar da muƙami, kayan aiki da albashin da ya dace da iliminsu ba, wani asibitin ne can nesa zai ci moriyarsu, manomin Bakori ko Ƙafur kuwa ya ci gaba da jira a layi.