Zagayen Alhamis

Tun da na rage zuwa kotu na bar wa yara ragamar ofis, babu tambayar da matasan lauyoyi suka fi kawo mini kamar ta talla. Gari ya ɗaure, mutane ba su da kuɗin shari'a, to su biya Facebook ya yaɗa sunansu ne, ko su buɗe shafin TikTok suna fassara doka cikin minti ɗaya? Wata 'yar abokina da ta fito daga makarantar lauyoyi ta Bagauda kwanan nan ta ce da ni, "Baba, ku da ba ku da intanet, ta ina aiki yake zuwa muku idan kasuwa ta mutu?" Amsar da na ba ta ita ce zan faɗaɗa a nan, domin abin da ya riƙe ofisoshinmu a shekarun wahala ya ɓace, kuma ban ga wanda ya yi jimaminsa ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da ɗaki biyu a saman bene kusa da Titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi. Akawu ɗaya, tafireta ɗaya, da allon suna wanda sai ka matso ƙofa za ka iya karanta shi. Kowa a cikinmu ya san ƙa'idar wancan lokaci: talla haramun ce ga lauya, babu wani kwana-kwana. Sai a ƙa'idojin 2007 aka sassauta, kuma ko a nan ba a halatta farautar masu ƙara ta hanyar 'yan kamasho ko raba takardu ba. Amma duk da ƙanƙantar allon nan, bencin ƙofar ofis ba ya rabuwa da mutane. Sirrin yana cikin abin da muke kira zagaye.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar zai rufe fayil, ya cire kwat, ya sa babbar riga, mu shiga Peugeot 504 ɗinsa. Kantin Kwari ne farko, sai Singa, sai Sabon Gari, wani makon a leƙa Dawanau. Ba a ɗaukar fayil ko ɗaya. Ni ke riƙe da wani baƙin littafi mai kauri, aikina in yi shiru in rubuta. Zai zauna a kan bandir ɗin atamfa a shagon Alhaji, a kawo ruwa, a gaisa har a gaji, a tambayi iyali da yaran shago da sunayensu. A cikin hirar ne magana take fitowa da kanta: kaya sun maƙale a Apapa, abokin tarayya ya rasu kuma 'ya'yansa sun fara tambaya, mai shago ya aiko zai ƙara haya, an ba wani ɗan Damagaram kaya bashi babu ko takarda. Washegari kafin a tafi masallaci, wasiƙu uku ko huɗu sun fito daga tafireta da kwafin kabon, masinja ya kai. Galibinsu ba a karɓar ko sisi a kansu.

Dokokinsa uku ne, kuma bai taɓa sassauta su ba. Ba ma shiga shagon wanda ba namu ba ne tun asali. Ba a miƙa wa maƙwabcin shago kati ko da ya roƙa, sai dai a ce masa Alhaji ya san ofis. Ba a maganar kuɗin aiki a kasuwa. Wannan ne ya raba zagaye da farauta, kuma wanda bai gane bambancin ba bai gane sana'ar ba.

Amfanin abin ya fito fili bayan 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo SAP, aka karya darajar naira, aka soke lasisin shigo da kaya. 'Yan kasuwar da suka ci bashi da lissafin tsohon canji suka wayi gari bashin ya ninka. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka shiga rage ma'aikata, kamfanonin da ke biyan lauya kuɗin riƙo na shekara suka daina. Ofisoshi da yawa suka janye jiki daga duk wanda ba zai iya biya ba. Maigida kuwa sai ya ƙara zagaye. Akwai wani dattijo mai sayar da shadda da banki ya sa gidansa a kasuwa saboda jingina. Mun yi ta jan shari'ar har aka sami sulhu, aka sake tsara biyan bashin, gidan ya tsira, kuma tsawon lokacin abin da ya shigo ofis daga wajensa bai wuce turmin yadi da sallah ba. Da ya farfaɗo, ya biya har da ƙari, sannan kusan duk layinsu a Kwari ya dawo hannunmu. Jikokinsa ne suke zuwa ofishina yau su yi rajistar kamfani.

Akawun nan ma ya cancanci a ambace shi. Bai yi boko mai zurfi ba, amma ya san wane rajistara ne ke zuwa da wuri, wane mai kai sammaci ne ba ya ɓatar da takarda, kuma ya haddace zuriyar duk wanda ya taɓa hawa benen nan. Idan aka yi rasuwa a gidan ɗaya daga cikinsu, shi ke fara ji, kafin azahar muna wajen zaman makoki. Da aka yi gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 ya riga ya tsufa ya bar aiki, amma shi ya bugo mini waya da asuba yana lissafa mini mutanenmu da ke layin da wutar ta ci, yana tuna mini cewa kwafin takardun shagunansu na nan a tsohon kabad. Suna nan kuwa, kuma da su wasu suka kafa hujjar shagunansu.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne 2005. Da Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce kowane banki sai ya tara naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, ikon ba da aiki ya tattara ya koma Legas. Manajan reshe da ya san ka, ya san aikinka, ya zama ba shi da ta cewa. Takardun jingina na filin da ke Tarauni sai a ba wani ofis da bai taɓa taka Kano ba, shi kuma ya bugo maka waya ka yi masa zirga-zirgar ma'aikatar ƙasa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abokan aikinmu da suka jingina rayuwarsu kan banki ɗaya ko biyu, na ga yadda suka sallami yara suka koma ɗaki ɗaya. Masu ƙwarewa ne, wasunsu sun fi ni iya tsayuwa gaban alƙali. Mu da ake yi wa kallon lauyoyin 'yan kasuwa, mu muka tsaya da ƙafafunmu.

Sai ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, ranar da aka kai hare-hare a Kano. Mu na Tarauni ba labari aka ba mu ba, domin ofishin shige da fice na Farm Centre yana cikin wuraren da aka kai wa hari. Aka sa dokar hana fita, shingaye suka cika tituna, baƙin 'yan kasuwa suka ɗauke ƙafa, mutanen kudu da yawa suka kwashe iyali. A lokacin ina da ofishina, maigida ya riga mu gidan gaskiya. Wasu suka ga dama ta samu, suna haɗa cinikin gidaje da shaguna a farashin tsoro suna cin kamasho ta kowane ɓangare. Mu abin da aka koya mana muka yi. Wanda ya zo a firgice zai sayar, mu ce ya dakata, ya ba da wakilci a rubuce, mu riƙe makulli, mu karɓi haya mu aika masa Onica ko Aba. Kuɗin da ke cikin wannan kaɗan ne. Amma da ƙura ta lafa suka dawo suka tarar da dukiyarsu, babu allon talla a Titin Zariya da zai yi mana abin da bakinsu ya yi.

Haka aka sake yi a 2020 da korona ta rufe gari, dattawa suka yi ta rasuwa a Kano, rigingimun gado suka taru, sannan a Afrilun 2021 ma'aikatan shari'a suka rufe kotuna fiye da wata biyu. Lauyan da bai iya komai ba sai shigar da ƙara ya zauna hannu rabbana. Wanda iyalai suka yarda da shi kuwa, a falonsa aka yi ta zama da magada da malamin da zai fitar da rabo, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Ba a kiran ka irin wannan zama don an ga bidiyonka. Ana kiran ka ne don marigayin ya taɓa cewa idan ta Allah ta kasance a nemi wane.

Ba na ƙin waya, kuma ina jin daɗin matasan da ke shiga rediyo suna wayar da kan jama'a kan haƙƙin ɗan haya ko na matar da aka saka. Wannan hidima ce. Abin da ba zan lamunta ba shi ne yaro ya sa kwat ya tsaya a ƙofar kotun majistare yana raba kuɗin beli da ɗan kamasho, ko ya ɗauki hoton takardar wanda yake karewa ya watsa don a ce ya yi nasara. Laifin ma ba nasu ba ne su kaɗai. Mu manya mun daina ɗaukar su a mota. Muna tura su kotu neman ɗage zama, mu ba su abin da bai isa kuɗin adaidaita ba, ba mu taɓa zaunar da su a shagon kowa sun ji yadda ake sauraron mutum ba.

Don haka roƙona ga 'yan'uwana da suka haura shekara ashirin a wannan aiki yake. Duk mai yaro a ofis, ya ware yamma ɗaya a mako, ya ɗauke shi su je wajen mutanen da suka riƙe ofishin tun farko, musamman waɗanda kasuwa ta juya wa baya a bana. A miƙa masa littafi ya riƙe, a gabatar da shi da sunansa.