Yadda Ilmin Zamantakewa Ya Sauko Unguwa A Amurka

A ƙasar Amurka akwai wasu makarantu da ake kira kwalejojin al'umma. Karatun shekara biyu ake yi a cikinsu bayan sakandare, kuɗinsu da sauƙi, kuma ɗalibi daga gidansu yake zuwa. In ya gama, ko ya kama aiki, ko ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri. Wanda ya san Kwalejin Share Fagen Shiga Jami'a ta Kano zai gane fasalin, sai dai su can har magidanta da ma'aikata suna zuwa ajin dare. Abin da muke so mu waiwaya shi ne yadda ilmin zamantakewar ɗan Adam ya shiga waɗannan makarantu, da abin da ya haifar.

Tushen labarin yana Jami'ar Shikago, wadda ta fara karatu a 1892 a ƙarƙashin shugabancin William Rainey Harper. A shekarar ce Harper ya ɗauko Albion Small ya kafa sashen nazarin zamantakewa, na farko irinsa a Amurka. Malaman sashen, irin su Robert Park, sun riƙa tura ɗalibansu unguwannin talakawa da na baƙin da suka yi ƙaura daga Turai, su ga yadda ake rayuwa, su rubuta. Wato talaka shi ake nazarta, amma ba shi da kujera a ajin.

Shi dai wannan Harper ɗin yana ganin shekaru biyun farko na jami'a ci gaban sakandare ne kawai, bai kamata su cinye lokacin manyan malamai ba. Saboda haka ya haɗa kai da J. Stanley Brown, shugaban makarantar sakandaren garin Joliet, kimanin mil 40 daga Shikago, aka buɗe aji a 1901 da ɗalibai 6. Wannan aji shi ya zama Kwalejin Joliet, wadda har yau tana nan. Ashe abin da aka yi don a rage wa jami'a cunkoso, shi zai zama ƙofar talaka.

Ƙofar ta ƙara buɗewa da Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar 1944 ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo, sannan a 1947 kwamitin da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawarar a baza irin waɗannan kwalejoji ko'ina, ya kuma yayata sunan da ake kiransu da shi yanzu. Cikin shekarun 1960 aka buɗe ɗaruruwansu. Sai ga ɗan lebura da ɗan baƙar fata zaune suna karanta tarihi da siyasa da tattalin arziki.

Daga nan tambaya ta sauya. A Kwalejin Merritt da ke Oakland ta Jihar Kalifoniya, ɗalibai biyu baƙar fata, Huey Newton da Bobby Seale, suka haɗu a farkon shekarun 1960. Sun lura tarihin da ake koya musu ya tsallake kakanninsu, suka shiga sahun masu matsa wa hukumar makaranta sai ta sa darasin tarihin baƙar fata. A 1966 suka kafa jam'iyyar Black Panther. Ana iya saɓani kan hanyar da suka bi, domin ta haɗa da ɗaukar bindiga, an kuma yi asarar rayuka. Amma ba a musun cewa wanda a da ake rubutu a kansa, yanzu shi ya ɗauki alƙalami. Newton kansa ya kai ga digirin dakta a 1980.

To, mu marubuta me ya shafe mu? Mu ma an daɗe ana zuwa daga nesa ana nazarin aurenmu da kasuwarmu da sarautarmu, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai zama a ɗakin kaɗai ba ya isa; sai an koyi lura, da tambaya, da auna magana kafin a rubuta. Mai son rubuta labari kan saki ko almajirci, kada ya raina ajin da ke kusa da shi don ba jami'a ba ce. Na Joliet ma da mutum 6 ya fara.